Motocin lantarki: Kafin alƙalami, saye ko haya?

A ranar 31 ga watan Maris na 2016, dubban mutane sun yi dogayen layuka a ƙofar shagunan kamfanin ƙera motoci na Tesla a Amurka da wasu ƙasashe, domin biyan dala 1,000 kowannensu a kan motar da ba su taɓa gani ba.

Cikin mako guda da bayyana motar, wadda aka sanya wa suna Model 3, kamfanin ya ce mutane fiye da 325,000 sun biya wannan kuɗi.

Tun daga lokacin, karɓar kafin alƙalami a kan motar da ba a fara ƙerawa ba ya zama ruwan dare a kasuwar motoci masu amfani da wutar lantarki. Ga bayani kan abin da wannan kuɗi ke saya wa mutum, da yadda ake lissafin kuɗin motar, da kuma bambancin sayenta da ɗaukarta haya.

Mene ne kafin alƙalamin ke saya wa mutum?

Gurbi ne kawai a kan layi. A mafi yawan yarjejeniyoyin, kamfani ba ya ɗaure kansa da farashi, ko ranar miƙa mota, ko siffar da za ta fito da ita. Shi ma mai biyan kuɗin bai ɗaure kansa da saye ba, kuma galibi yana iya janyewa a mayar masa da kuɗinsa.

Da yake kuɗin ba shi da yawa, mutane kan biya ko da ba su yanke shawarar saye ba. Kamfanin Ford ya karɓi dala 100 a kan a-kori-kurarsa ta lantarki, F-150 Lightning, a 2021. Kamfanin Rivian ma dala 100 ya karɓa a kan motarsa R2 a watan Maris na 2024, ya kuma ce mutane fiye da 68,000 sun biya cikin ƙasa da kwana guda.

Kamfanonin na amfana ta hanyoyi biyu. Suna gane yawan masu sha'awar motar tun kafin su kafa masana'anta, sannan suna nuna wa masu zuba jari alƙaluman domin neman ƙarin kuɗi.

Akwai bambanci tsakanin kama gurbi da yin oda. Ana yin oda ne idan layi ya zo kan mutum, ya zaɓi launi da girman batir, aka yanka masa farashi. Kuɗin da ake biya a wannan mataki sau da yawa ba a mayarwa, don haka a nan ne cinikin ke ƙulluwa.

Shin farashin da aka sanar ranar farko na tabbata?

Tarihin shekarun baya ya nuna ba kasafai yake tabbata ba.

Tesla ya yi alƙawarin sayar da Model 3 a kan dala 35,000. An miƙa motocin farko a watan Yulin 2017, amma masu tsada aka fara ƙerawa. Sai a ƙarshen watan Fabrairun 2019 aka fara sayar da ta dala 35,000, kuma bayan 'yan makonni kamfanin ya cire ta daga shafinsa na intanet, sai dai mai so ya nema ta waya ko a shago.

A watan Nuwamban 2019 kamfanin ya bayyana a-kori-kurarsa mai suna Cybertruck, ya ce mafi arha za ta kama dala 39,900, za a kuma fara ƙera motar a ƙarshen 2021. Sai a ranar 30 ga watan Nuwamban 2023 aka miƙa na farko, kuma mafi ƙarancin farashin da aka sanar a ranar shi ne dala 60,990.

Ford ya fara da dala 39,974 a kan F-150 Lightning, ya kuma rufe karɓar kafin alƙalami a ƙarshen 2021 bayan da mutane kimanin 200,000 suka biya. Ya zuwa watan Maris na 2023 farashin mafi arha ya kai dala 59,974, kafin daga baya a rage. A watan Disamban 2025 kamfanin ya sanar da daina ƙera samfurin mai amfani da batir zalla.

Akwai lokacin da masu jiran suka yi nasara. A farkon watan Maris na 2022, Rivian ya ƙara kusan kashi 20 cikin 100 a kan farashin wasu motocinsa, har da na waɗanda suka daɗe a kan layi. Ƙorafin da ya biyo baya, da janyewar da mutane suka riƙa yi, sun sa kamfanin ya mayar musu da tsohon farashi cikin kwana biyu.

Me ke kawo jinkiri?

Ƙera mota ɗaya domin nuni daban ne da ƙera dubbai a kowane mako. Tesla ya yi niyyar kaiwa ga ƙera Model 3 guda 5,000 a mako kafin ƙarshen 2017, amma bai cim ma hakan ba sai tsakiyar 2018, saboda matsalolin haɗa batir da na injunan masana'anta.

Wasu kamfanonin kuma sun yi fama da ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta da ake sanya wa motoci, wanda ya addabi masana'antu a 2021 da 2022 bayan annobar korona.

Ga mai jira, jinkirin na nufin ƙarin kashe kuɗi. Tsohuwar motarsa na ci gaba da cin gyara tana kuma rage daraja. Wanda wa'adin hayar motarsa ya cika kafin sabuwar ta iso, dole ya tsawaita hayar ko ya nemi wata ta wucin gadi.

Za a iya dogara da tallafin gwamnati?

Gwamnatoci da dama sun riƙa bayar da tallafi ko rangwamen haraji ga masu sayen motocin lantarki. Matsalar mai kafin alƙalami ita ce, galibi ana duba ranar da aka karɓi mota ko aka yi mata rajista ne, ba ranar da aka kama gurbi ba.

A Amurka, tsohuwar doka ta bayar da rangwamen haraji na dala 7,500, wanda kan fara raguwa bayan kamfani ya sayar da motoci 200,000. Tesla ya kai wannan adadi a watan Yulin 2018. Rangwamen ya koma dala 3,750 a watan Janairun 2019, ya koma dala 1,875 a watan Yuli, ya ƙare baki ɗaya a farkon 2020. Waɗanda suka jira Model 3 ta dala 35,000 ba su samu cikakken rangwamen ba.

Dokar da shugaba Joe Biden ya sanya wa hannu a watan Agustan 2022 ta sake fasalin rangwamen da sababbin sharuɗɗa. Wata dokar da shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu a ranar 4 ga watan Yulin 2025 ta kawo ƙarshensa daga ranar 30 ga watan Satumban shekarar.

Sabon kamfanin nan na Slate, wanda ya karɓi dala 50 daga mutane fiye da 100,000 a 2025, ya tallata ƙaramar a-kori-kurarsa da cewa ba za ta kai dala 20,000 ba idan aka cire rangwamen. Bayan sabuwar dokar ya janye wannan lafazi, tun kafin ya miƙa ko da mota ɗaya.

A Jamus lamarin ya fi zuwa ba zato ba tsammani. Gwamnati ta sanar a ranar 16 ga watan Disamban 2023 cewa za ta rufe karɓar takardun neman tallafi washegari, bayan wani hukuncin kotun tsarin mulki da ya bar giɓin euro biliyan 60 a kasafin kuɗinta. Mutanen da suka yi oda motarsu ba ta iso ba sun rasa tallafin da ya kai euro 4,500, ko da yake wasu kamfanoni, ciki har da Volkswagen, sun ɗauki nauyin biya na ɗan lokaci.

Ita kuwa Birtaniya ta soke tallafinta a watan Yunin 2022, ta kuma ɓullo da sabo a watan Yulin 2025, wanda ya kai fam 3,750 ga wasu motocin da farashinsu bai wuce fam 37,000 ba.

Saboda haka masu ba da shawara kan harkokin kuɗi ke cewa a yi kasafi tamkar babu tallafin. Idan ya samu, ya zama rara.

Me ya kamata kasafin ya ƙunsa?

Farashin da ake tallatawa na mafi ƙaramin samfuri ne, wanda sau da yawa shi ne na ƙarshen fitowa. A kansa akwai kuɗin kawo mota, da haraji, da rajista, da duk wani ƙarin da mutum ya zaɓa, kamar babban batir.

Na biyu shi ne caji. Matsakaiciyar motar lantarki kan sha wutar da ta kai yunit 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100. Wanda ke da wurin ajiye mota a gida kan sanya na'urar caji a bango, wadda a Birtaniya kan ci kimanin fam 1,000 har da kuɗin aiki. Tsohon gida na iya buƙatar sauya wayoyi.

Wanda ba shi da wannan dama sai ya dogara da tashoshin caji na kan hanya, inda wutar ta fi tsada nesa ba kusa ba. A Birtaniya, ya zuwa 2025, harajin VAT a kan wutar gida kashi 5 ne cikin 100, a tashoshin caji kuma kashi 20. Ribar da ake cewa motar lantarki na da ita a kan ta fetur ta fi tabbata ga mai caji a gida.

Na uku shi ne inshora, wadda a ƙasashe da dama ta fi tsada a kan motocin lantarki, saboda tsadar gyara idan hatsari ya taɓa batir.

Ta fuskar kula da mota kuwa akwai sauƙi. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, birki kuma kan daɗe. Sai dai nauyin batir kan sa tayoyi saurin cinyewa.

Haraji ma na sauyawa. Tun watan Afrilun 2025 masu motocin lantarki a Birtaniya suka fara biyan harajin mota na shekara-shekara, wanda a da aka ɗauke musu. Jihohin Amurka da dama na karɓar ƙarin kuɗin rajista a kowace shekara, domin cike gurbin harajin fetur.

Wata ƙa'ida da aka saba ambata a Amurka ita ce mai saye ya biya kashi 20 cikin 100 na farashin nan take, bashin kada ya wuce shekara huɗu, kuma duk abin da motar ke ci a wata kada ya haura kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu.

Yaya hayar mota ta tsawon lokaci ke aiki?

Wannan haya ta bambanta da ta kwana ɗaya ko mako. Mutum kan karɓi sabuwar mota ya riƙe ta shekara biyu zuwa huɗu, yana biyan kuɗi wata-wata, amma mallakarta na hannun banki ko kamfanin hayar. Idan wa'adi ya cika sai ya mayar.

Abin da yake biya shi ne darajar da motar za ta rasa a tsawon wa'adin, haɗe da ribar kamfanin. Tun ranar farko kamfanin ke ƙiyasta abin da motar za ta yi a kasuwa ranar da za a dawo da ita.

A ɗauki misalin motar dala 40,000 da aka ƙiyasta za ta koma dala 22,000 bayan shekara uku. Bambancin dala 18,000 ne, wato dala 500 a wata har watanni 36, ban da riba da haraji.

Idan wa'adin ya cika aka tarar motar ba ta wuce dala 16,000 a kasuwa ba, mai haya ya biya dala 18,000 ɗinsa ya tafi, asarar sauran dala 6,000 ta hau kan kamfanin. Wanda ya sayi irin motar a rana ɗaya da shi ya rasa dala 24,000.

Idan kuma motar ta riƙe darajarta ta yi dala 26,000, mai saye dala 14,000 kawai ya rasa, ya fi mai haya riba ke nan, sai fa idan yarjejeniyar hayar ta ba shi damar sayen motar a kan farashin da aka ƙiyasta tun farko.

Hayar na da sharuɗɗa. A Amurka akan ƙayyade tafiyar mil 10,000 zuwa 12,000 a shekara, kuma duk mil ɗin da ya ɗoru akwai tara. Ana cajin kuɗi a kan lotsawa ko yagewar kujera da ta wuce ƙima, fita daga yarjejeniyar kafin lokaci kuma na da tsada ƙwarai.

Ga masu gudun kuɗin ruwa, bankunan da ba sa mu'amala da riba na da tsarin murabaha, inda banki ke sayen mota ya sayar wa mutum da ƙarin da aka amince da shi, da kuma ijara, wadda haya ce da kan ƙare da mallaka.

Me ya sa haya ta samu karɓuwa a motocin lantarki?

Babban dalili shi ne wahalar sanin abin da motar za ta yi a kasuwa bayan 'yan shekaru.

A watan Janairun 2023 Tesla ya zaftare farashin wani samfurin Model Y a Amurka daga dala 65,990 zuwa dala 52,990 a dare ɗaya. Duk wanda ya saya kafin nan ya ga darajar motarsa ta faɗi. A ƙasar Sin, inda aka yi irin wannan ragi a watan, wasu da ba su daɗe da saye ba sun yi zanga-zanga a shagunan kamfanin.

Kamfanin hayar motoci na Hertz, wanda a 2021 ya sanar da shirin sayen motocin Tesla 100,000, ya ce a watan Janairun 2024 zai sayar da motocin lantarki 20,000, yana mai kafa hujja da tsadar gyara da faɗuwar daraja.

Fasahar ma na sauyawa da sauri. A cewar cibiyar bincike ta BloombergNEF, matsakaicin farashin batir ya sauko zuwa dala 115 a kan kowane yunit na wutar da yake ɗauka a 2024, alhali a 2010 ya haura dala 1,000. Duk lokacin da sabuwar mota ta fito da arha da kuma dogon zango, tsohuwar kan ƙara faɗuwa.

Akwai kuma rawar da doka ta taka. Dokar Amurka ta 2022 ta gindaya wa mai saye sharuɗɗa: dole a haɗa motar a Arewacin Amurka, akwai iyakar farashi, akwai kuma iyakar abin da mutum ke samu a shekara. Amma motar haya an ɗauke ta a matsayin ta kasuwanci, wadda waɗannan sharuɗɗa ba su shafa ba. Kamfanonin haya suka riƙa karɓar dala 7,500 suna rage wa masu haya kuɗin wata. Ya zuwa ƙarshen 2024, kusan rabin sababbin motocin lantarki da aka fitar a Amurka na haya ne. Wannan kafa ta toshe a watan Satumban 2025.

A Faransa gwamnati ce da kanta ta ɓullo da hayar euro 100 a wata ga masu ƙaramin ƙarfi a watan Janairun 2024. An dakatar da shirin a watan Fabrairu bayan da aka amince da buƙatu kimanin 50,000, ninki biyu na abin da aka tsara, sannan aka sake buɗe shi a ƙarshen watan Satumban 2025.

Wa saye ya fi dacewa da shi?

Wanda zai riƙe mota shekara takwas ko goma, da wanda ke yawan doguwar tafiya, da kuma wanda ke da wurin caji a gida. Faɗuwar daraja ta fi tsanani a shekarun farko, don haka mai riƙe mota da daɗewa ba ta cika damunsa ba. Idan ya gama biyan bashi, ya huta da biyan wata-wata, abin da mai haya ba ya samu muddin yana sauya mota.

Game da batir, yawancin kamfanoni na bayar da garantin shekara takwas ko kilomita 160,000, da alƙawarin gyara ko sauyawa idan ƙarfinsa ya yi ƙasa da kashi 70 cikin 100. Mai haya kan mayar da motar tun garantin bai ƙare ba. Mai saye kuwa shi zai ɗauki abin da ya biyo baya.

Haya ta fi dacewa da wanda bai taɓa riƙe motar lantarki ba, ko wanda ke son sabon samfurin da ba a san ingancinsa ba tukuna. Sai dai kamfanoni ba kasafai suke sanar da kuɗin haya ba sai dab da fitowar mota, wasu ma ba sa bayar da ita haya a farko. Sai a watan Afrilun 2019 Tesla ya fara bayar da Model 3 haya a Amurka, kuma a lokacin ba tare da damar saye a ƙarshen wa'adi ba.

Idan kamfanin ya durƙushe fa?

Wannan ya faru da kamfanin Fisker na Amurka. Ya karɓi dala 250 a kan motarsa Ocean, sannan dala 5,000 da ba a mayarwa daga masu son samfurin farko. A watan Maris na 2024 ya rage farashin wani samfurin daga dala 61,499 zuwa dala 37,499, a watan Yuni kuma ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi.

Waɗanda suka sayi motar sun shiga fargabar rashin kayan gyara da rashin mai kula da manhajar da ke tafiyar da ita. A irin wannan yanayi, masu kafin alƙalami kan shiga sahun masu bin bashi, kuma ba lalle ne su samu kuɗinsu duka ba.

Me ya kamata a duba kafin a biya?

Na farko, ko takardar ta bayyana ƙarara cewa za a mayar da kuɗin, da yadda za a nema, da kuma tsawon lokacin da zai ɗauka.

Na biyu, ko farashin a rubuce yake a yarjejeniya ko kuwa a talla kawai. A Amurka, inda yawancin tsofaffin kamfanoni ke sayarwa ta hannun dillalai, dillali na iya ɗora nasa a kan farashin kamfani, kamar yadda wasu masu jiran F-150 Lightning suka gani a 2022.

Na uku, ko kamfanin ya taɓa ƙera mota da yawa, yana kuma da wuraren gyara kusa da mai saye.

Biyan kuɗi a kan motar da ba a gani ba kusan cinikin biri a sama ne, shi ya sa masu lura da kasuwar ke shawartar mutum ya tuƙa motar da hannunsa kafin ya mayar da gurbinsa oda. A watan Agustan 2017, shugaban Tesla, Elon Musk, ya ce daga cikin mutane kimanin 518,000 da suka kama gurbin Model 3, kusan 63,000 sun janye.